Tayoyin da Dangi Suka Cinye

Tun ranar da aka ce bas ɗin safe ya daina shigowa Kosbulak, shayi ya daina yi wa Asilhan daɗi. Ba wai bas ɗin wani abin arziki ba ne, tsoho ne tukuf, yana tafe yana tari, amma shi ke kai shi Atbasar kullum, inda yake aiki a injin niƙan alkama. Da kaka bai damu sosai ba, sai ya taka zuwa babban titi ya ɗaga wa masu manyan motoci hannu. To amma sanyi na tafe. Kowa kuwa ya sani, idan dusar ƙanƙara ta sauka a wajenmu, mai tsayawa bakin titi yana ɗaga hannu, hannun zai daskare a sama kafin a tsaya masa.

Shugabansu a wurin aiki, wani dogo mai suna Genadi, bai ɓoye masa komai ba.

"Asilhan, kai yaron kirki ne, ba ka da surutu, ba ka da ɗauke-ɗauke. Amma inji ba ya jiran yaron kirki. Ka makara sau ɗaya, zan kau da kai. Ka sake, to akwai masu jira a bakin ƙofa, kuma su a nan cikin gari suke kwana."

Aikin nan kuwa shi ne kwal ɗin da ke ci a murhunsu, shi ne maganin hawan jinin Apa, mahaifiyarsa, tun da mahaifinsa ya rasu. Saboda haka Asilhan ya sayar da ɗan bijiminsa, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa, ya kasa kuɗin gida biyu. Kaso babba na mota. Ƙaramin kuma na tayoyin sanyi guda huɗu, masu ƙusoshi, irin waɗanda ke cizon ƙanƙara. Wannan ƙaramin kason Apa ta karɓa ta tura cikin gwangwanin shayi, ta ɗora can saman kabad, ta ce ko gobara aka yi, a fara fitar da gwangwanin kafin a fitar da ita.

Shi kaɗai ya so ya tafi kasuwar motoci ta Kokshetau. Sai dai labari ya kai kunnen Baurjan, mijin yayarsa Raushan, wanda yake kira Jezde kamar yadda kowa ke kiran mijin yayarsa. Jezde bai taɓa mallakar mota ba. Ya dai taɓa yin wankin motoci a Astana na ɗan lokaci, tun daga nan kuwa ba a isa a yi zancen inji a gabansa bai gyara zama ba.

"Kai kaɗai? Da wannan fuskar taka ta 'ku cuce ni don Allah'? Ai baro za su sayar maka su ce motar Japan ce, ka dawo kana godiya. Tare za mu."

A kasuwar, idon Asilhan ya fara sauka kan wata 'yar farar mota, ƙarama, tsaf da ita. Mai ita wani dattijo ne da idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa suka hana shi tuƙi. Tayoyin sanyi na jikinta, huɗu cif, ƙusoshinsu na walƙiya, na bazara kuma suna kujerar baya cikin leda. Ga ta ba ta shan mai. Asilhan ya zagaya ta, ya ga idan ya saye ta, gwangwanin shayin Apa ma ba sai an taɓa shi ba.

"Jezde, wannan fa?"

Jezde ya dubi motar, ya dubi Asilhan, ya sake duban motar.

"Wannan ai injin wanki ne aka sa wa taya. Kai da ko aure ba ka yi ba? Ka je gidan yarinya da wannan, ubanta zai fito da takardar wuta, ya ɗauka mai karanta mita ne ya zo."

"Aiki zan riƙa zuwa da ita, Jezde."

"Aikin ma ai da mutunci ake zuwa. Taho."

Ya ja shi can ƙarshen layi, inda wata baƙar motar Jamus take kwance, doguwa, mai faɗin ƙirji. A shekaru dai kusan sa'ar Asilhan ce, shi ya sa kuɗinta ya zo daidai da na farar. Tayoyinta na bazara ne, sun yi sanƙo sumul kamar kan Jezde. But ɗinta kuma wata ƙatuwar tukunyar gas ta cinye shi, don irin wannan mota idan da fetur za a ciyar da ita, sai an sayar da gida.

"Ƙarfinta a baya yake," in ji mai motar, yana ɗan dukan bayanta. "Tayoyin baya ke tura ta. Motar manya kenan."

Jezde bai saurare shi ba. Ƙofa yake ta buɗewa yana rufewa.

"Ji! Ji wannan ƙara! Kamar ƙofar banki. Asilhan, rufe da hannunka ka ji."

Asilhan ya rufe, ya ji. Ya shiga ya zauna, kujerar ta karɓe shi kamar ta daɗe tana jiransa. Kada a ɗora wa Jezde laifin duka. Yaron da ya girma yana bin bas mai tari, ya riƙe wannan sitiyari, ya hango fuskarsa a wannan madubi, shi ma zuciyarsa ta sa baki. Ya ce a ransa, ai kuɗin tayoyi na nan a gwangwani, ba abin da ya ɓaci. Da za su fita daga kasuwar suka bi ta gaban dattijon nan mai farar mota, Asilhan ya sunkuyar da kai kamar ya ci masa amana.

Da la'asar suka shiga Kosbulak, Jezde na miƙo hannu yana danna masa hon. Mata suka fito suna watsa wa motar alewa. Apa ta fito tana goge hannu a jikin riga, ta zagaya ta a hankali.

"Ɗana, wannan mota ce ko ɗakin baƙi? Me take ci?"

"Gas, Apa."

"Allah ya sa iyakarta kenan."

Kafin Asilhan ya kashe inji, Jezde ya riga ya yi shela: ranar Asabar za a wanke mota. A wajenmu sabon abu ba ya zama naka sai dangi sun ci a kansa sun sa albarka, shi ne wankin. Asilhan bai ƙi ba. Shi a ransa shayi ne da bawursak, soyayyen ƙullin fulawar nan, da 'yan maƙwabta. Sai dai Gwaggo Kulash, ƙanwar mahaifinsa, tana da waya, kuma ba ta rabo da kati. Mace ce mai jiki, Allah ya yi mata yalwa ta ko'ina, idan ta shigo ɗaki sai an matsar da tebur. Kafin magariba ta sanar da kowa, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna.

"Kabdesh Ata ma zai zo," ta gaya wa Apa. "Shi zai sa albarka."

Apa ta ajiye kofi. Kabdesh Ata shi ne mafi tsufa a Kosbulak. Shi ya yi kiwon dawakin gonar gwamnati tun ba a haifi Asilhan ba, shi kuma ya sa mahaifin Asilhan a kabari. Irin wannan baƙo ba a ajiye masa kaza. Kan rago ake ajiye masa, kan rago kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, da sauran ragon yake tafe.

Apa ta taka kujera ta sauko da gwangwanin shayi, ba gobara ba komai. Taya ɗaya ta shiga tukunya. Sai aka ji dangin Jezde ma za su zo, su kuwa surukai ne, ba a sallamar su da abinci kala ɗaya. Aka sayo naman doki, da tuffa, da alewar kwali, da riga da hula na karrama Ata. Taya ta biyu ta bi 'yar'uwarta. Ranar Juma'a Asilhan ya kwashe abin da ya rage kafin wani ya tuna da wani baƙon, ya sayo tayoyi biyu a Atbasar. Mai shagon ya tambaye shi ina sauran biyun, ya ce suna kan wuta.

Ranar Asabar gida ya cika. Takalma suka yi tudu a bakin ƙofa, tayoyin nan biyu na jingine a gefensu suna ƙamshin sabon roba. Kowa ya zo da kyautar mota, don ba a zuwa ganin sabon abu hannu rabbana. Aka kawo shimfiɗar kujera ta fatar tunkiya, aka kawo gashin mujiya na ratayawa a madubi saboda kambun baka, turaren mota kuwa har kala-kala. Ba wanda ya kawo taya.

Aka shigo da nama a manyan farantai, an shimfiɗa shi kan faffaɗar taliya, albasa da romo a kai. Aka ajiye kan rago gaban Ata. Ana cikin ci Jezde ya tsokano maganar, maiƙo na bin haɓarsa.

"To ango ba amarya, tayoyin nan naka biyu, ina za ka sa su?"

"A baya, Jezde," Asilhan ya ce a hankali. Yana tsaye bakin ƙofa da buta, don shi ke zuba wa manya ruwan wanke hannu. "Tunda baya ke tura ta."

"A baya! Ku ji fa. Da baya kake juya sitiyari? Ni dai a sanina, ɗaya gaba ta hagu, ɗaya baya ta dama. Kowa ya samu. Adalci kenan."

"Adalcin da ya sa har yau a ƙasa kake tafiya," in ji Raushan, matarsa. Aka kwashe da dariya.

Wani ya ce gaba, wani ya ce baya, wani ya ce su a zamaninsu sarƙa suke ɗaurawa kuma ga su nan da ransu. Ata kuwa yana ta aikin kan rago da 'yar wuƙarsa. Sai da surutu ya kai inda zai kai, sannan ya yi gyaran murya.

"Ku yaran yanzu kuna da mota, ba ku da ido. Wa ya taɓa ganin an yi wa doki takalmin ƙarfe a ƙafar baya an bar ta gaba? Sanyi nawa na yi a bayan dawaki? Idan ƙarfe bai isa huɗu ba, ƙafafun gaba ake yi wa. Gaba ke fara taka ƙanƙara. Inda gaba ta kama, baya dole ta bi."

"Gaskiya ne, Ata," in ji Jezde. "Abin da nake ta ƙoƙarin faɗa musu kenan."

Asilhan ya buɗe baki. So yake ya ce doki da ƙafa huɗu yake tafiya, ita kuwa wannan da biyu take turawa, na gaba rakiya kawai suke yi. Sai ya ga Ata ya yanke kunnen ragon ya miƙo masa a tafin hannu.

"Zo, ɗana. Ci kunne, ka zama mai jin magana."

Ya ajiye buta, ya karɓa da hannu biyu, ya ci a gaban jama'a, guringuntsi na ƙara a bakinsa. Ata ya ɗaga hannuwa, kowa ya ɗaga. Ya roƙa wa motar farar hanya, ya roƙa wa mai ita mace ta gari, aka shafa. Sannan, don kada albarka ta huce, maza suka fita tsakar gida da jak da sifana, aka ɗaura tayoyin a gaba nan take, Ata na zaune a kujera yana nuni da sanda.

Asilhan ya ce a ransa ba komai, bayan kwana biyu sai ya juya su. Sai dai tagar Ata ƙofar gidansu take kallo, tsoho kuma ba ya barcin safe. Kullum da asuba sai ya tako da sandarsa, ya ƙwanƙwasa tayar gaba ta dama, ya zagaya ya ƙwanƙwasa ta hagu, kamar yadda ya saba duba kofato, ya gyaɗa kai ya koma. Da Asilhan ya ɗan taɓa wa Apa zancen, sai ta dube shi.

"Ka ci kunne a hannunsa, gaban mutane. Yanzu kuma ka nuna masa bai san abin da yake faɗa ba? Mutumin da ya sa ubanka a kabari?"

Asilhan ya bar zancen. Ya dai roƙi Allah ya jinkirta dusar ƙanƙara zuwa ƙarshen wata, a biya su albashi.

Ba a jinkirta ba. Aka yi yayyafi da yamma, sanyi ya bi ya daskarar da shi, kafin gari ya waye dusa ta rufe komai fari fat.

Kosbulak a kwari yake. Mai fita sai ya haye 'yar gada, sannan ya hau tudu kafin ya kai babban titi. Tudun ba wani abin a zo a gani ba ne, da bazara ko lura da shi ba a yi. Asilhan ya fito da wuri, motar ta bi layi lafiya lau, ta haye gada, ta sa kai tudu. Gaba ta kama, yadda Ata ya ce. Baya ce dai ba ta ji jawabin ba. Tayoyin suka hau juyawa wuri ɗaya suna kuka, ɗuwawun motar ya kaɗa hagu, ya kaɗa dama, kamar tunkiya mai kitsen wutsiya, sannan a hankali, cikin mutunci irin na manya, ta sulalo da baya har bakin gada. Ya ja da baya ya taho a guje, ta sake dawowa. Ya ciro shimfiɗar fatar tunkiyar nan ya cusa ƙarƙashin taya, tayar ta harba ta can cikin dusa.

Yana nan tsaye sai ga malamar asibiti a 'yar ƙaramar motarta, irin wadda Jezde ya kira injin wanki. Ita ba Atbasar ta nufa ba, amma ta ce ya shigo ta kai shi bakin titi. Ya zauna gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, motar ta haye tudun kamar akuya.

Rana ta yi sama kafin ya isa. Genadi ya dube shi, ya dubi agogon bango.

"An ce ka sayi motar da ko shugaban gunduma ba shi da irinta."

"Haka ne."

"Tana ina?"

"Tana bakin gada."

"To a gaishe ta. Wannan shi ne ɗayan, Asilhan."

Da yamma ya lallaɓo da motar gida. Washegari ya riga kowa tashi, ya ɗauki jak da sifana. Ya yanke shawara: kunne dai ya riga ya ci, amma kunne ba ya sayen kwal. Yana durƙushe, ko noti ɗaya bai kwance ba, sai ya ji ƙarar sanda a dusa.

"Me kake nema a ƙarƙashinta?"

"Iska nake dubawa, Ata."

"Da jak?" Tsoho ya gyara babbar rigarsa ta fata. "Na ji abin da ya faru jiya. Duk gari an ji. Ba laifin doki ba ne, mahayi ne bai iya ba. Buɗe mini, yau zan nuna maka yadda ake hawan tudu."

Asilhan ya buɗe masa gaba. Ata ya ƙi, ya ce shugaban gunduma a baya yake zama a irin wannan mota, shi kuwa ya girmi uban shugaban gunduma.

Ba a kai ga tashi ba sai ga Gwaggo Kulash, ta hango fitila. Ta ce tunda Atbasar za a, tana da kayan kasuwa. Ta ɗora kwandon ƙwai a kujerar gaba ta ɗaura masa bel, ita kuma ta shiga baya da jakunkuna biyu na daskararren nama a cinya. Motar ta yi wani nishi, ta zauna. Sai ga Jezde, wanda ya fito musamman don ya ga yadda za a sulalo.

"Shigo mana, uban masana," in ji Gwaggo. "Kai ka zaɓo ta. In za a faɗa rafi, a faɗa da kai."

"Ina zan shiga, Gwaggo? Kin bar wa mutum wuri?"

"Tsuke tumbin. Ai ragon yaron nan ne a ciki, ba naka ba ne."

Ya cusa kansa, aka rufe ƙofar banki da kyar. Asilhan ya kama sitiyari, zuciyarsa ta riga ta isa gaban Genadi tana karɓar sallama. Suka bi layi, suka haye gada. Ya taka totur a hankali, don ya riga ya saduda.

"Cu!" Ata ya daka wa motar tsawa, ya buga sanda a ƙasa, yadda ake yi wa doki.

Tayoyin baya suka ɗan juya a banza, sannan suka kama. Motar ta kaɗa, ta daidaita, ta fara hawa sannu a hankali kamar sa mai jan kaya. Haka ta yi ta hawa har suka ga allon babban titi.

"Ka gani?" in ji Ata. "Ita ma tana so a yi mata magana."

"Ni ne na karkata dama a daidai lokacin," in ji Jezde.

"Ƙwaina dai," in ji Gwaggo. "Yaro, bi a hankali."

Asilhan ya dubi madubi. Ƙarƙashin gashin mujiya ya ga su ukun a matse, kafaɗa kan kafaɗa, sun danne bayan motar har ya kusa taɓa ƙasa. Nan ya gane. Nauyi take so a kan tayoyin da ke tura ta. Ashe ragon nan da naman dokin nan ba su tafi a banza ba, ga su nan zaune daidai inda ya so ya sa tayoyin. Ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna kunne, ya rufe. A babban titi ya bi gefe, sannu-sannu, don bayan na ɗan rawa idan ya taɓa birki, manyan motoci na wuce shi suna hon. Duk da haka ya riga Genadi isa.

Ya so ya nemi buhuna masu nauyi ya danne bayan motar ya huta. To but ba wuri, yashin bakin rafi ya daskare ya zama dutse, kwal kuma Apa ta ce sai dai a bi ta kanta. Ban da haka ma, idan ya cika kujerar baya da buhuna, ina Ata zai zauna? Saboda haka Asilhan ya shiga sabuwar sana'a. Kowace yamma idan ya dawo sai ya bi gida-gida.

"Gwaggo, gobe ba ki da abin yi a Atbasar?"

"Jiya na je, yau na je. Me zan yi kuma?"

"Ko gaisuwa ce. Ƙawarki ta kasuwa fa?"

"Yau muka rabu."

"To ai ta yi kewarki."

Ata ba ya buƙatar roƙo. Shi ya ɗauki hawan tudun aikinsa ne, kullum yana bakin ƙofa da "Cu" ɗinsa, ya wuni gidan 'yarsa a Atbasar yana shan shayi. Jezde kuwa sai an saya masa samsa mai zafi, gurasar nan mai nama a ciki, a tasha, wai cikinsa ba ya son tashin asuba haka kawai. Ba wanda ya taɓa yin zancen kuɗin gas, Asilhan ma bai taɓa yi ba, mai neman alfarma ai ba ya miƙa hannu. Gari ya ɗauka, aka ce ba a taɓa yin yaro mai zumunci irin ɗan marigayi ba. Uwayen 'yan mata suka fara aiko wa Apa da man shanu.

Ranar da hankalinsa ya fi tashi ita ce ranar da Gwaggo ta fito daga asibiti ta ce likita ya ce lallai ta rage jiki, ta bar maiƙo da zaƙi. Saura kaɗan Asilhan ya taka birki a tsakiyar titi.

"Gwaggo, a wannan sanyin? Ai likitocin nan yara ne. Ki bari sai bazara."

Da yamma ya kai mata kwalin halawa. Ta yi ƙwalla, ta ce duk dangi shi kaɗai ke sonta yadda Allah ya yi ta.

Haka aka lallaɓa har ƙarshen wata, bai ƙara makara ba. Ranar da aka biya albashi bai gaya wa kowa ba, ko Apa. Da hutun rana ya zame ya sayi tayoyi biyu masu ƙusa, aka ɗaura su a baya can Atbasar. Ya ɗebi baƙin taɓon bakin titi ya shafe su tas har suka yi kama da tsofaffi. Da aka tashi aiki duhu ya riga ya shigo, fasinjojinsa suka shiga ba wanda ya kula. Ranar bai bi gida-gida ba. Ya kwana yana murmushi. Gobe zai fita shi kaɗai, ya kunna rediyo, ba samsa, ba ƙwai.

Da asuba ya fito ya tarar da su a bakin ƙofa, su ukun, har da ƙarin wata maƙwabciya mai ciwon haƙori.

"Jiya ba ka zo ba, muka ce ko kunya ce ta kama ka," in ji Gwaggo. "Kada ka damu, ɗana, ba za mu bar ka ba."

"Ba don mu ba ai da yanzu kana gida kana feren dankali," in ji Jezde.

Ata ya fara zagayensa. Ya ƙwanƙwasa ta dama, ya ƙwanƙwasa ta hagu. Sai kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya wuce baya. Ko sawun da motar ta bari a dusa ya gani, ko taɓon ne ya kakkaɓe a hanya, oho. Ya tsaya. Ya cire safar hannu, ya sunkuya da kyar, ya shafa tayar da yatsa. Asilhan ya ji kunnen ragon nan na motsi a cikinsa.

Tsoho ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya mayar da safarsa a nutse.

"Dokin da zai yi doguwar tafiya, ƙafa huɗu ake yi masa," ya ce. "Tun ranar na so in faɗa maka. Na ce a bar yaro ya gano da kansa, ya fi zama a kai."

"Na gode, Ata."

"Me? Sabbi ne?" Jezde ya durƙusa ya kankare taɓon da farce. "Wallahi sabbi ne! Kai, munafuki, ka sayi sabon abu ka shafa masa taɓo? Gwaggo, kin ga yaron da kike yabo!"

Gwaggo ta riga ta zaro waya daga aljihu.

"Ba wani taro za a yi ba," ta ce tana latsawa. "Mu dai na gida. Sai dangin Baurjan, kada su ji a bakin wasu."

Asilhan ya dubi sama. Gari ya fara haske, Genadi na can yana kusantar agogonsa. Ya buɗe musu ƙofa.

"Ku shiga, a yi maganar a hanya."

Mai ciwon haƙori ta shiga gaba da kwandon ƙwai a cinya. Motar ta haye gada, ta ɗauki tudun ba kaɗawa ba kuka, kamar a kan busasshiyar kwalta. Ba wanda ya lura, Ata ma ya manta da "Cu". Gardama ake a baya. Jezde na cewa taya biyu ai rabin rago ya ishe su, shi ba ya son a zalunci yaro, Gwaggo na cewa to a ƙara da kaji. Ata ya bari suka gama, sannan ya yi gyaran murya, ya ce shi dai a tsawon ransa bai taɓa ganin an ajiye wa dattijo rabin kai ba.